Munshari da Na'urar Barci: Abin da Talabijin Ba Ta Gaya Mana Ba

 

Duk mai kallon wasan kwaikwayo ta san wannan fitowar. Za a nuno maigadi kishingiɗe a kan benci, hula ta rufe masa ido, baki a wangale, yana jan munshari kamar tsohuwar gingimari na hawan tudu, ɓarawo kuma ya tsallake ƙafarsa ya shige gida. Ko a nuno maigida yana gurnani a kan gado, uwargida ta toshe kunne da matashi, daga ƙarshe ta kwashi tabarma ta koma falo. Yara su tuntsire da dariya, mu ma mu taya su. Da kaɗan-kaɗan talabijin ta koya mana cewa munshari alama ce ta ragwanci ko ƙauyanci ko cika ciki da tuwo, abin tsokana dai kawai.

To, ba kowane munshari ne ciwo ba. Amma akwai wani iri da likitoci ke ɗauka da muhimmanci ƙwarai, wanda mai yin sa ba ya sanin yana yi, kuma mutumin farko da ke ganin alamarsa a duniya ita ce wadda ke kwance a gefensa.

Yadda abin yake faruwa

Idan mutum ya yi barci, naman jikinsa yakan saki, har da na maƙogwaro da tushen harshe da ganɗa. A wajen wasu hanyar iska takan ƙuntata kawai, iska na wucewa tana kaɗa naman, wannan ƙarar ita ce munshari. A wajen wasu kuwa hanyar rufewa take yi ruf. Ƙirji na ta ƙoƙarin jawo iska, iska ba ta shiga. Sai ki ji munsharin ya yanke, ɗaki ya yi tsit. Sakan 10, sakan 20, wani lokaci har ya haura rabin minti. Iskar oksijin ta ragu a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta zaburar da shi, ya yi wata irin shaƙuwa kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya ja numfashi, ya koma barci. Da safe ki tambaye shi, ya rantse miki bai farka ba ko sau ɗaya.

Wannan shi ne ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci. Likitoci na auna tsananinsa da yawan lokutan da numfashin ya tsaya ko ya ragu sosai a cikin awa guda. Daga sau 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya kai 30 ko ya wuce kuwa mai tsanani ne. Ki lissafa da kanki: mai sau 30 a awa, idan ya kwanta awa bakwai, an tashe shi sau 210 ke nan a dare ɗaya. Ina barci a nan? Shi ya sa za ki ga mutum ya kwanta tun bayan isha'i amma sallar asuba na gagararsa, ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, yana yawan fita fitsari da dare, yana gyangyaɗi a wurin aiki, a majalisa, har a lokacin huɗubar Juma'a, ga saurin fushi da mantuwa. Mu kuma mu ce halinsa ne ya canja, ko mu fara zargin wani abu daban.

Wasu idan suka farka a shaƙe sai su ce dannau ne. Dannau daban ne: shi mutum ya farka ne idonsa biyu amma ya kasa motsi na ɗan lokaci. Addu'ar kwanciya barci ba ma barin ta ko da wane dalili, amma wanda ake gani numfashinsa na tsayawa kowane dare, maƙogwaronsa na bukatar likita ya duba.

Kuma abin bai tsaya ga gajiya ba. Kowace zabura tana harba jini sama, tana wahalar da zuciya. An tabbatar da alaƙa mai ƙarfi tsakanin wannan ciwo da hawan jini, musamman irin wanda ake ta shan magani iri uku ko huɗu ya ƙi sauka, haka nan da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga. Direban da ke da shi kuma bai nemi magani ba, haɗarin ya yi karo a hanya ya ninka na sauran mutane sau biyu ko fiye. Matan direbobin doguwar tafiya, wannan magana taku ce.

Masoya finafinan Indiya za su tuna Bappi Lahiri, mai sarƙoƙin zinarin nan da ya yi kiɗan fim ɗin Disco Dancer na 1982. Ya mutu a birnin Mumbai a watan Fabrairun 2022 yana da shekara 69, kuma likitan da ya duba shi ya ce wannan ciwo na ɗaukewar numfashi ne sanadi, a kan wasu larurorin da yake fama da su.

Na'urar da ake yi wa dariya

Babban maganin da aka fi amfani da shi ga matsakaici da mai tsanani wata 'yar na'ura ce da ake kira CPAP, ana furta sunan kamar "sifaf". Wani likita ɗan ƙasar Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fara gwada ta a kan maras lafiya a wani asibitin birnin Sidni a 1980, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 1981. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Akwati ne da bai fi ƙaramar rediyo ba, yana zuƙar iskar ɗaki, ya tace ta, ya turo ta a hankali ta cikin tiyo zuwa wani takunkumi da ake ɗaurawa a hanci. Wannan iskar ce ke tokare maƙogwaro ya zauna a buɗe, kamar yadda iska ke riƙe balan-balan kada ta lotse. Ba magani ake shaƙa ba, ba kuma tukunyar oksijin ba ce irin ta asibiti. Ba ita ke yi wa mutum numfashi ba, hanya kawai take buɗe masa.

A namu finafinan da wuya ki ga wannan na'ura, mun tsaya a kan dariyar munsharin. A Amurka ne take fitowa a talabijin, kuma tun da tauraron ɗan'adam da wayar hannu suka kawo mana shirye-shiryensu har tsakar ɗaki, ya kamata mu lura da yadda suke nuna ta.

A shekarar 2000, wani dogon shiri mai suna The Sopranos, labarin iyalan 'yan ta'adda ne kuma ba abin da zan ba uwa shawarar ta kalla da yara ba, ya nuno wani tsoho daga cikin manyan gidan an ɗaura masa takunkumin. Ɗan ɗan'uwansa na ganinsa sai ya hau zolayarsa, yana kwatanta shi da matuƙin jirgin yaƙi. Saƙon a fili yake: wannan tsohon da ake tsoro jiya, yau ƙarfi ya ƙare. Shirin barkwanci na Mike & Molly, wanda aka nuna daga 2010 zuwa 2016, labarin wani ɗan sanda ne mai ƙiba a birnin Cikago da matar da yake so, nan ma an mai da munsharinsa da na'urarsa abin ba da dariya a tsakanin masoya. A wasu finafinan kuma kaka ne za a nuno da takunkumi ya rufe masa fuska, ana jin wani huci mai ban tsoro, jika na kwance a gefe ya kasa barci.

Idan kika tara waɗannan fitowar za ki ga darasi guda suke maimaitawa: na'urar ta tsofaffi ce da masu ƙiba, tana da ƙara, tana da muni, kuma tana kashe sha'awar ma'aurata. Kusan kullum namiji ne ke sanye da ita. Da wuya kuma su nuna kashegari, lokacin da mutumin ya tashi garau karon farko bayan shekaru, domin lafiya ba ta ba 'yan kallo dariya.

Gaskiyar kuwa ta sha bamban. Na'urorin zamani ƙararsu ba ta wuce raɗa ba, fanka ma ta fi su ƙara, balle munsharin da suka maye gurbinsa. Takunkumin iri-iri ne, akwai mai rufe hanci da baki, akwai na hanci kaɗai, akwai wasu 'yan ƙanana biyu da ke zama a ƙofar hanci kawai. Masu shirya fim sun fi zaɓen mafi girma ne don shi ya fi ɗaukar ido. Ƙiba babbar sanadi ce, wannan haka ne, amma siriri ma na kamuwa idan haɓarsa gajera ce ko ta koma ciki, ko harshensa babba ne, ko hancinsa na yawan toshewa. Batun zaman aure kuwa, ba a sa takunkumin sai an zo yin barci. Ni a ganina abin da ke raba ma'aurata da shimfiɗa ɗaya shi ne munsharin da aka bari ba magani, da miji mai gajiya kullum, da mata da ta shekara ba ta yi barcin kirki ba.

Ba a rasa masu gyara ba. 'Yar wasan barkwanci Amy Poehler ta fito fili ta ce tana da ciwon, kuma a fim ɗin Wine Country na 2019 ta fito da na'urar a matsayin kayan tafiyar mace mai matsakaicin shekaru. Shahararren ɗan ƙwallon kwando Shaquille O'Neal ya yarda aka ɗauki hoton gwajin barcinsa a 2011 tare da likitocin jami'ar Harvard don wayar da kai. Amma abin da ya fi tayar da zancen shi ne na watan Yunin 2023, lokacin da 'yan jarida suka hango shatin igiya a kumatun shugaban Amurka na wancan lokaci, Joe Biden. Fadar gwamnati ta tabbatar cewa shatin takunkumin CPAP ne, kuma tun 2008 bayanan lafiyarsa suka ambaci ciwon. Kwana da kwanaki ana ta cece-kuce, alhali a ƙasar miliyoyin mutane ne ke tashi da irin wannan shatin kowace safiya.

Mutum nawa ne?

A 2019 wasu masana suka wallafa ƙiyasi a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi, inda suka ce kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da ciwon a duniya, daga cikinsu miliyan 425 nasu matsakaici ne ko mai tsanani, wato masu bukatar magani. Sin ce kan gaba, sai Amurka da Barazil da Indiya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe goma na farko. Adalci ne a faɗi cewa ƙiyasi ne ba ƙidaya ba, kuma kamfanin ResMed mai ƙera na'urar ne ya ɗauki nauyin binciken. Amma ko an raba adadin biyu, abin ya wuce a kira shi ciwon 'yan tsiraru.

Masu samun magani kuwa ba su kai ko kusa ba. A Amurka, inda ake ganin na'urar har a talabijin, ana ƙiyasta mutum miliyan 30 ne ke da ciwon, amma kimanin miliyan 6 kaɗai aka gwada aka tabbatar. A Faransa, inda inshorar gwamnati ke biya, fiye da mutum miliyan ɗaya ke kwana da ita. Wani abin da ya nuna yawanta shi ne matsalar kamfanin Philips a watan Yunin 2021, lokacin da aka gano cewa soson da ke rage ƙara a cikin wasu na'urorinsa na iya marmashewa mai amfani ya shaƙa. Na'urorin numfashi kimanin miliyan 15 abin ya shafa a faɗin duniya, na kamfani ɗaya ke nan. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin mu kasuwar kayan gwanjo ce. Duk wadda za ta sayi na hannu, ko ɗan'uwa zai aiko mata daga waje, ta kai wa likita sunan samfurin da lambarsa a duba ko yana cikin waɗanda aka janye.

Akwai kuma gaskiyar da masu talla ba sa son faɗa. Daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin waɗanda aka ba na'urar ba sa amfani da ita yadda ya kamata, ma'aunin kuwa bai wuce awa huɗu a dare ba, a mafi yawan darare. Wani takunkumin ke damunsa, wani hancinsa ke bushewa, wani kunya ce kawai. Wani babban bincike da aka buga a 2016, a kan masu ciwon zuciya fiye da 2,700, ya nuna na'urar ta rage gyangyaɗi ta kyautata rayuwa, amma bai nuna ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki ba. Sai dai mutanen awa uku da 'yan mintuna kawai suke sa ta a dare. Saboda haka kada mai hawan jini ya ajiye ƙwayoyinsa don ya samu na'ura, kada kuma a saye ta da tsada a ajiye a kan durowa tana shan ƙura.

A nan ne dariyar talabijin ke yin ɓarna. Namijin da ya sha ganin ana tsokanar mai takunkumi ba zai so matarsa ta gan shi da shi ba, balle idan matan biyu ne ko uku yana tsoron zancen ya zaga gida. Suratul Hujurat ta hana mu yi wa juna izgili, kuma malamai sun ruwaito gargaɗi mai tsanani daga Manzon Allah (SAW) a kan miji ko mata mai yaɗa sirrin shimfiɗa. Larurar barcin miji tana cikin wannan amana. Ba zancen biki ba ne, ba na waya da ƙawa ba.

Mu ma mata muna ciki

Tunda talabijin maza take nunawa, mata da yawa sun ɗauka ba ruwansu. Gaskiya ne maza sun fi kamuwa, amma da zarar mace ta daina al'ada haɗarin yakan ƙaru sosai, har ta kusa kamo namiji. Mai juna biyu ma na iya fara munshari mai ƙarfi, kuma an danganta ciwon da hawan jinin masu ciki, don haka abin faɗa ne a wurin awo. Matsalar ita ce alamominmu kan zo a ɓoye: rashin barci, kasala, ciwon kai da safe, ƙuncin rai. Sai a yi ta maganin maleriya da taifot ana ƙarin jini. Ga kuma kunya. Wace mace ce za ta ce wa likita tana munshari, alhali kalmar ma gori ce a bakin kishiya? Idan maigida ko 'yarki ta ce miki numfashinki na yankewa da dare, kada ki ji haushi, taimakonki suka yi.

Yara kuma ni shaida ce a kansu. A aji nakan ga yaron da kullum baki buɗe, murya a toshe kamar mai mura, hadda ba ta zama, ko dai yana gyangyaɗi ko ya hana kowa sakat. Sau da yawa idan na tambayi uwar sai ta ce ai da dare munsharinsa ya fi na babansa, yana ta juyi da gumi, har yanzu kuma yana fitsarin kwance. A wajen yara, mafi yawan sanadin shi ne kumburin naman nan biyu na gefen maƙogwaro da wanda ke bayan hanci, kuma aikin cire su a asibiti yakan warkar da yawancinsu ba tare da wata na'ura ba. Yara masu sikila sun fi saura kamuwa, kuma raguwar oksijin da dare ba alheri ba ce gare su. Don Allah kada a ɗauki yaro a kai wa wanzami a ce a cire beli. Ba belin ne ke toshe hanyar ba, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta, a dawo gida kuma munsharin na nan.

Ina za a fara?

A fara da lura. Dare biyu ko uku ki saurara: munsharin na da ƙarfin da ake ji ta bayan ƙofa? Yana yankewa sannan ya dawo da shaƙuwa? Yana barci da rana ba da niyya ba? Yana da hawan jini? Shekarunsa sun haura 50? Kaurin wuyansa ya wuce santimita 40? Waɗannan na cikin tambayoyi takwas da likitoci ke tantancewa da su, kuma amsar "e" uku ta isa a nemi ganin likita. Da izininsa, ki ɗauki sautin barcinsa a waya na 'yan mintuna. Maza da yawa ba sa yarda sai sun ji da kunnensu, likita ma zai amfana da shi. Bayan nan a goge. Ki zaɓi lokacin da ransa ke sake, ba tsakar dare kina cikin fushi ba, kuma ki fara da cewa tsoro kike ji idan numfashinsa ya tsaya, kada ki fara da cewa ya hana ki barci.

Wuraren gwajin barci ba su da yawa a ƙasar nan, galibinsu a manyan birane, kuma kuɗin na'urar ba na kowa ba ne. Amma ƙofar shiga a buɗe take: sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ko na cututtukan ƙirji, a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Likita ne zai faɗi ko ana bukatar gwajin, shi ne kuma zai saita ƙarfin iskar, domin na wani ba ya yi wa wani.

Kafin nan akwai abin da ke hannun uwargida. Rage ƙiba na rage tsananin ciwon sosai, kuma tukunya a hannunmu take: a rage mai da zaƙi, a daina cin tuwo mai nauyi dab da kwanciya. Kwanciyar rigingine ita ta fi sa harshe ya faɗa baya, kwanciya a gefe kuwa na taimaka wa mutane da yawa, ga shi dama kwanciya a ɓarin dama sunna ce. Wasu kan ɗinka aljihu a bayan rigar barci su sa ƙaramar ƙwallo don kada su juya. A guji sigari, da ƙwayoyin sa barci ba da umarnin likita ba, da maganin tari mai kodin, duk suna ƙara sakin maƙogwaro ko danne numfashi. Ga mai sauƙin ciwo akwai wata roba da likitan haƙori ke aunawa, ana sawa a baki ta turo haɓa gaba. A watan Disambar 2024 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar Zepbound ga masu wannan ciwo da ke da ƙiba, tana aiki ne ta hanyar rage nauyi, sai dai tana da tsada.

Wadda Allah ya hore wa gidanta na'urar, tambayar farko ita ce wuta. Idan an kashe sashen da ke ɗumama ruwa, abin da take ci bai wuce na fanka ba, ƙaramar sola da batir mai kyau na iya riƙe ta har asuba. A riƙa wanke takunkumin da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a shanya a inuwa. Ruwan da ake zubawa a tankinta tataccen ruwa ne da ake samu a kantin magani, ba na rijiya ba. Kada a kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi kusa da ita, domin duk abin da ke cikin iskar ɗakin shi za ta tura masa cikin hanci. Da hunturu kuma a riƙa duba matatar iskar kowane mako, ƙurar Arewa kan toshe ta tun kafin lokacin da aka rubuta a takardar kamfani.